Mu gyara madafa kafin iskar ɗari ta taso

 Hatsi ya shiga rumbu, wake yana bisa rumfa, gyaɗa tana shanya. A gidan rediyo mun sha yin magana a kan rumbu: yadda za a share shi, a liƙe shi, a ɗora shi bisa duwatsu. Yau za mu bi hatsin har inda tafiyarsa take ƙarewa, wato madafa. Tsakanin rumbu da bakin yaro akwai turmi, akwai randa, akwai tukunya da ƙwarya. Abincin da manomi ya yi wata huɗu yana wahala a kansa yana iya lalacewa a wannan ɗan tsakani, wani lokaci ma ya koma cuta.

Wani zai ce: madafa ai sha'anin mata ne, ina ruwan malamin gona? To, maigida, shiga madafar gidanka ka ɗaga ido sama. Abin da ke soke a cikin jinka, da wanda ke rataye a jikin dirka, na wane ne? Sauran maganin feshin wake, ƙullin garin maganin iri, rabin buhun takin zamani, kwalbar man moto. Duk naka ne. Ka kawo su nan don nan ne ruwa ba ya zuba. Saboda haka maganar ta shafe mu duka, kuma akwai aikin da sai namiji ya sa hannu.

Lokacin da ya dace shi ne yanzu. Aikin gona ya yi sauƙi, kara da zana suna nan a wadace, ƙasa ta bushe, laka za ta kama. In aka bari sai iska ta taso, ko sai damana ta kawo kai, an makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A FITAR DA KOME WAJE

A zaɓi ranar da ba ta kasuwa ba. Bayan an gama abincin safe, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a fitar da duk abin da ke cikin madafa, har duwatsun murhu. Kar a ce za a gyara alhali kaya suna ciki, wannan ture-ture ne kawai daga wannan lungu zuwa wancan. Sai ɗaki ya zama fayau ake ganin ramin kusu, da hanyar gara, da tsagar bangon da kyankyaso ke kwana. A share sama da ƙasa, a kaɗe baƙin hayaƙin da ya taru a jinka, a cusa tsakuwa a ramuka a liƙe da laka.

Kayan da ke bisa tabarma kuwa, a raba su uku. Akwai na kullum: tukunyar tuwo, ta miya, muciya, maburgi, ludayi, mara, rariya, faifai, wuƙa. Waɗannan su ne za su koma kusa da murhu, inda hannu zai kai ba sai an tashi ba. Akwai na biki da suna da salla, manyan tukwane da tarin kwanoni. A wanke su, a kife ƙarami cikin babba, a kai su ɗaki ko a ɗora su can sama. Abin da ba a taɓawa sai sau uku a shekara bai kamata ya tare hanyar mai girki sau uku a yini ba.

Kashi na uku shi ne mai wuya, don nan ake gardama. Ƙwaryar da ta tsage tun bara, tukunyar da ta huje, kwanon da ya yi tsatsa, gwangwanaye, tsummoki, tarin leda. Kowane ɗaya an ajiye shi da cewa wata rana zai yi amfani. Gaskiya ne talaka ba ya zubar da abu da gaggawa, kuma wannan hali ne mai kyau. Amma a yanke wa kowane abu hukunci a ranar. Ƙwaryar da za ta ɗinku, a kai wa gyartai ranar kasuwa mai zuwa. Wadda ba za ta ɗinku ba, ta zama sakainar ba kaji ruwa. Tsohuwar tukunyar alminiyom kuɗi ce: masu zubin tukwane suna saye su narke, kamar yadda ake yi a kasuwar Katako a Yamai da sauran manyan kasuwanninmu. Fasasshen tulu da gwangwani kar a jefa su bayan ɗaki baki sama. Da damana suna tara ruwa, sauro ya yi ƙwai a ciki, cikin kwana 10 ko ƙasa da haka ya tashi. Leda kuwa, duk mai akuya ya san abin da take yi a cikin tumbi. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita a Nijar, amma ga ta nan kowane danni ya yi mata rataya. A tara ta wuri ɗaya inda dabba ba ta kai, kar a hura wuta da ita a ƙarƙashin tukunya, hayaƙinta ba na shaƙa ba ne.

GUBA BA TA KWANA DA ABINCI

Nan zan daɗe, don nan ne rai yake.

A yawon da muke yi cikin garuruwa, abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ganin maganin ƙwari a madafa. Garin da ake cuɗa iri da shi kafin shuka, an sa masa launi ja ko wani launi mai ƙarfi don a gane shi. In aka juye shi a ƙullin tsumma, aka soke kusa da ƙullin barkono, yarinyar da aka aika ɗauko yaji da magariba ba za ta bambance ba. Irin da aka riga aka cuɗa da magani, in ya yi saura bayan shuka, ba a cinsa, ba a ba kaji, ko an wanke shi. Takin zamani fari, wanda ake kira ire, ƙwayoyinsa kamar sukari suke a idon yaro, kuma tunkiya ko akuya in ta samu buhun a buɗe ta ci da yawa, tana iya mutuwa kafin a kira malamin dabbobi. Piya-piya da maganin kusu, kowa ya san aikinsu. Ga kuma kananzir da man moto da ake zubawa a kwalbar lemo. Yaro mai shekara biyu ya san kwalba, bai san abin da ke ciki ba.

Akwai ƙwayar da ake sawa a buhun wake, Phostoxin da ire-irenta. Mutane da yawa suna ɗaukarta kamar ƙaramin abu don ba a ganin aikinta. Da ta ji danshin iska sai ta riƙa sakin wata iska mai guba, wadda ke kashe ƙwaro, take kuma kashe mutum. Buhun da aka sa wa wannan ƙwaya ba ya zama a madafa, ba ya zama a ɗakin kwana, ko ɗakin da ke haɗe da na kwana. Aikin wanda aka koya wa ne, a ɗakin ajiya na dabam.

Duk waɗannan kaya su fita daga madafa yau. Wurinsu akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ko wani ɗan ɗaki da ake kullewa, nesa da abinci, nesa da rumbu. Kowane magani ya zauna a cikin mazubinsa na asali, da takardarsa a jiki.

Sai maganar bidon magani da ya ƙare. Na san yana da kyau, yana da ƙarfi, marufinsa yana kamawa. Shi ya sa ake ganinsa da man gyaɗa a ciki, ko nono, ko ruwan da ake kai wa masu aiki a gona. Roba tana shan magani, wanki ba ya fitar da shi duka. Abin da ake yi shi ne: ranar feshi a ɗauraye bidon sau uku, ana juye ruwan a cikin injin feshi, sa'an nan a huda gindinsa da wuƙa don kar wani ya tsinta ya yi sha'awa. A tambayi malamin gona inda za a kai shi.

In tsautsayi ya faɗa, yaro ya sha ɗaya daga cikin waɗannan, kar a tura masa yatsa a maƙogwaro, kar a ɗura masa nono ko mai. Kananzir in ya dawo da amai yana shiga huhu, ɓarnar ta fi ta farko. In maganin ya zuba a jiki, a tuɓe rigar, a wanke fata da ruwa da sabulu. A ɗauki yaron zuwa gidan likita nan take, a tafi da kwalbar ko takardar maganin, don likita ya san abin da zai yi.

WAKE, GYAƊA DA KAYAN MIYA

Abinci ba ya zama a ƙasa, ba ya jingina da bango. Maigida ya kafa ɗan gado na itace, ko a gina dakali da laka, a bar tazarar tafin hannu tsakanin buhu da bango don tsintsiya ta wuce. A madafa ana ajiye na ƴan kwanaki ne kawai, sauran yana rumbu.

Wake shi ne ya fi saurin lalacewa. Ƙwaron yana zuwa da shi tun daga gona, yana haihuwa a cikin ƙwayar, cikin wata biyu ko uku sai ka ga tiya ta koma huji da gari. Maganinsa ba sai da guba ba: a hana shi iska. Bido mai tsabta, wanda bai taɓa ɗaukar magani ko mai na moto ba, a cika shi da busasshen wake har wuya, a sa leda a baki a murɗa marufi sosai. Ƙwaron yana cinye ƴar iskar da ta rage, ya mutu. Amma in ana buɗewa kullum, aikin ya tashi banza. Don haka a ware na cin mako a ƙaramin mazubi, babban a bar shi a rufe. Dabarar kakanninmu ma tana nan da ƙarfinta: tokar murhu mai sanyi, a tankaɗe ta, kwano ɗaya na toka kwano ɗaya na wake, a cuɗa a tulu, a rufe sama da toka. Mai buhu guda ko fiye, ya nemi buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS. Masanan jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi, ma'aikatan INRAN na Maraɗi suka yi ta gwada shi a ƙasarmu, an fara yaɗa shi a 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhu ɗaya a waje, kowane ana ɗaure bakinsa dabam. Kafin a zuba, a duba ledar ko ta huje, kuma a tsare shi daga kusu.

Duk wannan sai in abin ya bushe. Ga gwaji mai sauƙi: a samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsi ko wake kamar kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bari ya ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, a mayar shanya.

Gyaɗa kuwa, abokin gabarta hunhuna ne. Ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta yi baƙi, ko ta yi kore-kore, ko take da ɗaci, tana iya ɗaukar wata guba da ake kira aflatoksin. Suya ba ta kashe ta, dahuwa ba ta kashe ta. Tana taruwa tana cin hanta a hankali, tana kuma hana yaro girma. In ta yi yawa tana kisa farat ɗaya: a ƙasar Kenya a 2004, mutum 125 suka mutu bayan cin masarar da ta yi hunhuna. A wurinmu abin da ke ba ni tsoro shi ne, mai kyau ake kaiwa kasuwa, tsintar da ta rage ita ake yi wa ƙuli-ƙuli da miyar gida, ko a ba yara su ɓare. A zauna da faifai a tsince. Wadda ta lalace a binne ta. Kar a ba saniya ko akuyar da ake tatsa, don gubar tana biyo nono.

Garin hatsi ba ya jimawa, cikin ƴan kwanaki yake canza wari ya yi ɗaci. A niƙa daidai bukata. Kuka, kuɓewa, kauɗa, tattasai, daddawa, yakuwa, a tabbata sun bushe ƙayau, a zuba a kwalba ko gwangwani mai marufi maimakon ƙulle-ƙullen leda. Gishiri mai iyod, wanda ke tsare mutum daga maƙoƙo, a rufe shi, a nisanta shi da wuta da danshi. Albasa ita iska take so: a kwando, a rataye, ba a leda ba. Mutanen Galmi ba su ajiye tasu a rufaffen wuri.

Ku da kuka gama karatun manya, ga wurin da alƙalaminku zai yi aiki. A rubuta sunan abu a jikin kowane mazubi, da watan da aka zuba shi. Tsoho a fara ci, sabo ya jira. In uwargida ta yi tafiya ko ta kwanta jego, wadda ta karɓi girki ba za ta yi ta shinshine-shinshine ba.

RANDA

Ruwa yana iya fitowa daga fanfo da tsabtarsa ya ɓaci a cikin gida. Moɗa ce mai laifi. Yaro ya fito daga bayan gida, ya ɗauke ta a ƙasa, ya tsoma har da hannu, ya sha, ya mayar da sauran. Ba mu manta da zawo da amai na 2018 a yankin Madarunfa ba, da na 2021 da ya kama fiye da mutum 5.000 a ƙasar nan, jahar Maraɗi a gaba. Ta ruwa da hannu cutar take bi.

Randar sha dabam, ta aiki dabam. Ta sha a ɗora ta bisa dakali, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Randar Mirya da ta Bubon suna sanyaya ruwa ne don suna tsattsafo, iska tana busar da jikinsu, saboda haka kusa da murhu ba wurinsu ba ne. A rufe ta da faifai ko marufi. Moɗa ta zama mai dogon hannu, a rataye ta a ƙusa, da ita ake ɗiba a zuba a kofi, ba a kai ta baki. A wanke randar bayan kwana biyu ko uku. In ruwan rijiya ne ko na tabki, a tace a tafasa, ko a sa ƙwayar Aquatabs yadda takardarta ta faɗa, a jira rabin awa. A ƙofar madafa a ajiye buta da sabulu. In ba sabulu, toka tana nan.

Sauran tuwon dare a rufe shi, a ɗaga shi bisa ragaya. Da safe ɗumame ya tafasa har cikinsa, musamman wanda za a ba ƙaramin yaro.

MURHU DA HAYAƘI

Madafa da yawa ba su da taga. Mace ta shiga da goyo a baya, ta yi awa biyu cikin hayaƙi, ta fito ido jawur tana tari, a ce sanyi ne. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 kowace shekara a duniya, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya. Tun da kaya suna waje, maigida ya huda bango can sama, gefen da iska ke fita, ya bar wata ƙaramar kafa a ƙasa. Aikin rabin yini ne. Da rani a dafa a waje ƙarƙashin rumfa, jariri kuma a ba wani ya riƙe.

Murhun duwatsu uku rabin wutarsa iska ke ci. In an kewaye shi da laka, aka bar ƙofa ɗaya ta ice da tazarar yatsa tsakanin tukunya da bango, wutar tana lasar tukunya maimakon ta watse. Murhun ƙarfe Mai Sauƙi, wanda maƙeranmu suke yi tun shekarun 1980, haka yake aiki. Ice yana raguwa, kuma yaro mai rarrafe ba ya faɗawa garwashi. Wanda ya san nisan da mata ke yi neman ice yanzu, ko kuɗin da ake ba mai amalanke, ba sai an roƙe shi ba.

Kusa da murhu a ajiye icen yini ɗaya kawai. Tarin kara da ice su koma can gefe, nesa da zana. Da ɗari gobara ba ta cin gida ɗaya: daga danni zuwa danni take bi, har rumbuna. In an gama girki a zare itatuwan, a yayyafa musu ruwa. Toka kar a kwashe ta da zafi a zuba a gindin danni, garwashi yana kwana a cikinta da ransa. A tara ta a tsohon kwano, in ta huce ta shiga wake ko ramin taki. Masu gas, waɗanda suka ƙaru tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, tukunyar gas a tsaye take zama, a inuwa, nesa da murhun ice. In ana shakkar tana yoyo, a shafa ruwan sabulu a mahaɗin a ga ko zai yi kumfa. Ba a gwadawa da ashana.

Abu na ƙarshe da za a kafa shi ne gadon shanya kwanoni. Dirka huɗu, tsawon ƙugun babban mutum, a jera sanduna a sama, a haƙa ɗan rami a ƙasa a cika da tsakuwa don ruwan wanki ya nutse. Kwano ya bushe a rana, kaza da akuya ba su kai baki ba.

A gidan da mata biyu ko uku suke karɓa-karɓar girki a madafa ɗaya, a yi hattara. Kowace tukunya da mai ita, wata ma tun daga kayan aurenta take, uwarta ce ta saya mata. Kar amarya ta zubar da ƙwaryar uwargida don ta tsage, kar maigida ya ɗauki kwanon kowa ya ba yaro ya kai wa masu zubi. A yi aikin ranar da kowa yana gida, kowace ta yanke hukuncin kayanta, a ba kowace gefenta na dakali da ƙusarta a bango. Turmi, randa da murhu su ne na kowa, sai a yi shawarar wadda za ta wanke randa, in an ga dama a haɗa shi da ranar girki.

Garin da ke son a nuna masa ginin murhun laka ko ɗaurin buhu mai riɓi uku, a faɗa wa malamin gona na yankin ko shugaban ƙungiyar manoma, a sa rana. Abin da za ku tanada: laka kwando uku, ɗan kashin jaki ko ƙaiƙayi, ruwa, da tukunyar da za a riƙa ɗorawa, don da ita ake auna bakin murhun.